Ɗan shekara 14 a Gallipoli

Kaya ne suka kai ni Santambul, kamar yadda suke kai yawancin 'yan kasuwarmu. Na gama zagayen Laleli da Merter, na ɗaure abin da na saya na miƙa wa masu kago, sai ya rage jiran jirgin komawa. Ɗan ƙanwata yana karatu a jami'ar Canakkale, kuma uwarsa ta haɗo ni da yaji da kuka da daddawa, ta ce ko ta halin ƙaƙa in damƙa masa hannu da hannu, in ga lafiyarsa da idona. Abin da ya sa ke nan na hau motar safa daga tashar Esenler da sassafe, a ƙarshen watan Oktoba. Filin yaƙi ko kusa ba ya cikin lissafina.

Hanyar tana bin gefen tekun Marmara har Tekirdağ, inda kowa ke sauka cin ƙulalan naman da garin ya yi suna da su, daga nan ta yanka cikin gonakin da aka riga aka girbe, ta gangaro kudu ta shiga wani siririn tsibiri mai haɗe da ƙasa. Turkawa suna kiransa Gelibolu, Turawa suna cewa Gallipoli. Ta taga na hango doguwar gadar nan da aka buɗe a 2022, wadda aka raɗa wa suna 1915 Çanakkale. Yaron ya tarye ni a Eceabat, muka shiga jirgin fito muka haye zuwa Canakkale, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.

Da daddare muna shan shayi a bakin ruwa, manyan jiragen dakon kaya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai ya nuna mini wata tsohuwar ganuwa a tsallake. Ya ce, "Kawu, waccan Kilitbahir ce, Sarki Muhammadu Fatih ya gina ta. Duk jirgin da zai je Santambul daga tekun Bahar Rum, nan zai bi, ba shi da wata hanya. A kan wannan mashigin aka kashe mutanen da ba za su ƙirgu ba. Gobe sai na kai ka ka gani."

Mashigin Dardanelles ke nan, kuma a inda muke zaune faɗinsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba. A yaƙin duniya na farko Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta bi bayan Jamus. Birtaniya da Faransa suka ƙudura su keta mashigin da jiragen yaƙi, su kama Santambul, su buɗe wa Rasha hanya. Winston Churchill, wanda yake riƙe da ma'aikatar sojan ruwa a lokacin, shi ne kan gaba wajen tura wannan shawara. Ranar 18 ga Maris 1915 suka gwada, nakiyoyin da wani ƙaramin jirgi mai suna Nusret ya dasa da igwar da ke kan tudu suka nutsar musu da manyan jirage uku a wuni ɗaya. Da ruwa ya gagara sai aka ce a sauke dakaru a ƙasa. Asubahin 25 ga Afrilu sojojin Ostiraliya da na Niyu Zilan, waɗanda ake kira Anzac a haɗe, suka dira a gaɓar yamma ta tsibirin.

Can muka nufa washegari, cikin ƙaramar bas tare da wasu baƙi, akasarinsu 'yan Ostiraliya. Mai yi mana jagora wani dattijo ne Baturke, siriri, mai furfura a gashin baki, yana magana a hankali kamar ba ya son ya tashi mai barci.

Gaɓar da ake kira Anzac Cove ta ba ni mamaki da ƙanƙantarta. Tsawonta kamar mita 600, tsakuwa ce da ɗan yashi, filin Idin wasu garuruwanmu ya fi ta sarari. Da ka juya wa teku baya, tudu ne tsaye a gabanka, ga kwazazzabai, ga ƙaya da gajerun itatuwa masu kama tufa. Akwai wani dutse mai launin ƙasa da ya turo kai daga sama, wanda sojojin suka laƙaba wa sunan gunkin nan na kusa da dalar Masar, domin a gindinsa suka yi atisaye kafin a kawo su. Na ɗaga kai na dubi tsayin wurin, na tuna cewa mutum zai hau shi ne da bindiga da jaka a baya, cikin duhu, ana harbinsa daga sama. Wata takwas suka yi a nan, kuma ba su taɓa yin nisa daga inda suka kai a ranar farko ba.

Maƙabartu ne ko'ina, ƙanana, an share su tsaf, ciyawa kore. Duwatsun kaburburan gajeru ne, kishingiɗe, kowanne da suna da runduna da ranar mutuwa, da yawa har da shekaru. Na bi layi ina karantawa: 19, 22, 20, 24. A ƙasan wasu akwai 'yar magana da iyaye suka aiko aka sassaƙa. Yawancin iyayen nan ba su taɓa tako wurin ba, Ostiraliya tana can ƙarshen duniya, tafiyar makonni a jirgin ruwa.

Daga bakin ruwa motar ta yi ta hawa har muka fito wani fili a saman tudu. Turawa suna ce masa Lone Pine saboda itacen fain guda ɗaya da ya rage a tsaye lokacin da suka iso. A watan Agusta 1915 an yi kwana huɗu ana gwabzawa a cikin ramukan Turkawa waɗanda aka rufe da gumagumai, da banati da gurneti da hannu. Ostiraliya ta yi asarar fiye da 2,000 tsakanin matattu da masu rauni, Turkawa sun ninka haka. Yanzu akwai doguwar hasumiya ta farin dutse, a gabanta kuma bango, su biyun suna ɗauke da sunaye fiye da 4,900 na 'yan Ostiraliya da Niyu Zilan waɗanda ba su da kabari. Wasu ba a ga gawarsu ba. Wasu a jirgi suka cika aka sa su a teku.

Dattijon ya tsaya gaban wani allo, ƙarƙashin bataliya ta 21, ya ɗora yatsa a kan suna ɗaya: Martin. Babu shekaru a gefensa, babu wata alama da ta bambanta shi da na sama da na ƙasa. Ya tambaye mu ko akwai mai ɗa ɗan shekara 14. Ni da wata mata muka ɗaga hannu. Ya ce to, mu saurara.

James Charles Martin, wanda 'yan gidansu ke kira Jim, an haife shi ranar 3 ga Janairu 1901 a Tocumwal, wani ƙaramin gari a jihar New South Wales, kwana biyu kacal bayan yankunan Ostiraliya sun haɗe sun zama ƙasa ɗaya. Sunan mahaifinsa Charles, mahaifiyarsa Amelia. Su shida ne a ɗakinsu, shi ne na uku, kuma shi kaɗai ne namiji. Iyalin sun yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan neman abinci, har suka zauna a unguwar Hawthorn ta birnin Melbourne a 1910. A makarantar gwamnati ta titin Manningtree ya yi karatu, kuma a can ya fara saka kaki, don a wancan zamanin doka ta wajabta wa yara maza horon soja tun suna 'yan makaranta. Ya koyi fareti da riƙon bindiga kafin gemu ya tsiro masa. Da ya bar makaranta sai ya kama aikin gona.

Lokacin ƙasar ta ɗauki zafi. Ostiraliya ba ta kai mutum miliyan biyar ba, ba a kuma tilasta wa kowa zuwa yaƙin ƙetare, amma kafin a gama sama da 400,000 sun ba da sunansu. Ana kiɗan badujala a titi, ana liƙa takardu a bango, ana biyan kurtu sule shida a rana, kuɗin da ya fi na sojan Ingila nesa ba kusa ba. Namijin da ya zauna a gida kallon matsoraci ake yi masa. Mahaifin Jim ya je ya ba da kansa aka ƙi karɓarsa. Sai yaron ya ce shi zai tafi.

Duk wanda bai kai 21 ba sai ya kawo takardar yardar iyaye. Amelia ta ƙi. Jim ya ce mata in ba ta sa hannu ba zai gudu, ya shiga da wani suna, kuma ba za ta sake samun wasiƙa daga gare shi ba. A nan matar da ta ɗaga hannu tare da ni ta rufe baki da tafin hannunta. Kowace uwa ta san wannan tarkon. In ta hana, ɗanta zai ɓace mata gaba ɗaya, ko mutuwarsa ba za a san gidan da za a kai saƙo ba. In ta yarda, aƙalla ta san inda yake. Ta sa hannu. A watan Afrilu 1915 ya tsaya gaban masu ɗaukar soja ya ce shekarunsa 18, alhali 14 ne da wata uku. Yana da girman jiki, aka rubuta shi.

Ƙarshen watan Yuni ya bar Melbourne a jirgin Berrima zuwa Masar. Al'adarsu ce in jirgi zai tashi, a jefa dogayen ziraran takarda masu launi tsakanin waɗanda ke ciki da masu rakiya, kowa ya riƙe gefe guda har jirgi ya ja takardar ta tsinke. Jim ya naɗe guntun tasa, ja da fari, ya adana.

Bayan ɗan horo a hamadar kusa da Alƙahira aka loda bataliyarsu a jirgin Southland. Ranar 2 ga Satumba, sun kusa tsibirin Lemnos, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbe su. Jirgin bai nutse ba, amma wasu kwale-kwalen ceto sun kife, mutane sun mutu, Jim kuma ya shafe kamar awa huɗu a cikin ruwa kafin a tsamo shi. Ko mako ba a cika ba aka sauke su a Gallipoli cikin dare.

Dattijon ya ce mu koma mota, zai nuna mana inda yaron ya zauna. Titin da ke bin ƙoƙuwar tudun daga Lone Pine zuwa arewa an shimfiɗa shi ne a kan tazarar da ta raba rundunonin biyu: hagu ramukan Anzac, dama na Turkawa. A wasu wuraren, in mutum ya yi tari a wannan ramin za a ji shi a wancan. Har yanzu ramukan suna nan a ƙarƙashin itatuwan fain, sun cike da ganye sun zama kamar kwalbatin da aka manta. Muka sauka kusa da Courtney's Post, ɗaya daga cikin wuraren tsaron Anzac a kan tudun. A yankin nan, wajen wani kwazazzabo da suke kira Wire Gully, aka ajiye su Jim. Na shiga ɗaya daga cikin ramukan, ya kawo mini ƙugu. Iska mai sanyi tana busowa daga teku, tana ratsa rigar sanyin da na aro wajen ɗan ƙanwata. A irin wannan watan ne Jim yake kwana a nan, cikin kayan da aka ba shi don zafin Masar.

Manyan hare-haren Agusta sun wuce kafin ya iso, abin da ya tarar shi ne zaman rami: gadi, haƙa, ɗaukar ruwa, kwarkwata. Daga nan ya rubuta wa gida wasiƙu a farkon Oktoba. Ya gaya musu Turkawa suna nan kusa, yadi saba'in tsakaninsu. Ya ce kada su damu da shi, yana nan lafiya ƙalau. Abin da ya yi ƙorafi a kai ɗaya ne: kowa yana samun wasiƙa daga gida, shi bai samu ko ɗaya ba tun da ya baro. Sun rubuto, ba su iso hannunsa ba ne. Yaron da ya tsorata uwarsa da cewa zai daina rubuto mata, shi ne yake zaune a rami yana jiran a kira sunansa ranar rabon wasiƙu.

Ba harsashi ne ya kashe shi ba, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Taifod ce, wannan dai da muke kai yaranmu asibiti a kanta kowace damina. Tudun nan ba shi da ruwan kirki. Daga nesa ake kawo shi a jirgi, a hau da shi sama cikin garwar kananzir, a raba ɗan kaɗan wanda ba zai isa sha ba balle wanke hannu. Gawawwaki suna kwance tsakanin ramuka ba mai iya ɗaukowa. Sau ɗaya, ranar 24 ga Mayu, aka tsagaita wuta na wuni guda don a binne su, saboda wari ya ishi kowane ɓangare. Masai a buɗe yake. Ƙudaje suna tashi daga gawa su sauka a masai, su taso su rufe gwangwanin nama da biskit ɗin da soja zai kai baki. Atuni da zazzaɓin hanji sun kwantar da dakaru jibgi guda, har waɗanda ake kwashewa saboda ciwo suka fi waɗanda ake kwashewa saboda rauni. Akwai allurar rigakafin taifod a lokacin, amma ba ta kare mutum daga 'yar'uwarta mai kama da ita, kuma maganin da ke kashe ƙwayar cutar sai a 1948 aka fara amfani da shi. Wanda ta kama, jinya ce kawai da abin da Allah Ya ƙaddara.

Jim ya yi ta daurewa, yana ramewa, ya ƙi zuwa wajen likita har jiki ya ƙi. Ranar 25 ga Oktoba da ƙarfe biyar na yamma aka hau da shi jirgin asibiti mai suna Glenart Castle, wanda ke tsaye a gaban gaɓar da muka baro da safe. Shugabar masu jinya, Frances Reddock, ita ta rubuta wa Amelia washegari. Ta ce an kawo shi a galabaice, suka kwantar da shi suka yi masa abin da za su iya, ya ce ya ji daɗin jikinsa, ya yi mata godiya cikin ladabi, ya gyara kwanciya zai yi barci. Ƙarfe bakwai saura minti ashirin zuciyarsa ta tsaya. Shekarunsa 14 da wata tara. Aka sa shi a teku. Cikin ɗan abin da aka tarar tare da shi aka aika wa uwarsa akwai guntuwar takardar nan ja da fari. Wasiƙunsa da ta matar suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Canberra, babban birnin Ostiraliya, kuma shi ne mafi ƙarancin shekaru da aka sani cikin sama da 60,000 da Ostiraliya ta rasa a wannan yaƙi.

Daga saman tudun ana ganin tekun shimfiɗe har tsibirin Gökçeada. Ɗan ƙanwata ya matso ya ce, "Kawu, amma fa shi ya kawo kansa. Kuma yaƙar Musulmi ya zo yi a ƙasarsu."

Na ce masa gaskiya ne, ban manta ba. Rundunar da yake ciki mamaya ta zo yi, Turkawa kuma gidansu suke karewa. Amma ɗan shekara 14 ba ya kawo kansa ko'ina sai manya sun buɗe masa ƙofa. Likita ya tuɓe shi ya auna ƙirjinsa. Hafsa ya dube shi ido da ido ya karɓi rantsuwarsa. Saje ya kwana da shi a rami mako bakwai yana jin muryarsa. Ban yarda cewa duk cikinsu babu wanda ya gane ba. Ba a neman takardar haihuwa, domin ba a son a gani. Mutane ake buƙata. Kuma ba shi kaɗai ba ne, yara da dama sun bi ta wannan ƙofar. Wasu baƙin da muke tare da su suna ta faɗin jarumtarsa, kuma ban musa ba, yaron da ya yi awa huɗu a ruwa ya fito ya hau wannan tudun ba rago ba ne. Ni dai abin da na gani shi ne yaron da ya kamata a ce wani babba ya kama hannunsa ya mayar wa uwarsa. Ita kuwa Amelia ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Gaba kaɗan a kan wannan titin akwai maƙabartar runduna ta 57 ta Turkawa, waɗanda kwamandansu Mustafa Kemal, wanda daga baya ya zama shugaban Turkiyya na farko, ya tura su tare Anzac a safiyar farko, aka kusa ƙarar da su. Nan cike yake da motocin 'yan makaranta da tsofaffi mata masu ɗankwali, ana sayar da tuta da ruwa a bakin hanya. Duwatsun suna ɗauke da sunan mutum da na mahaifinsa da garinsu. Dubun-dubatar mutane daular ta rasa a tsibirin nan, ninkin-ba-ninkin 'yan Ostiraliya sama da 8,000 da suka mutu, kuma su ma akwai matasa birjik a cikinsu. Akwai wurin salla a gefe. Muka yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara, muka yi azahar, muka yi musu addu'a tare da wani tsoho da ya riƙe hannuna ya ƙi saki da ya ji daga Najeriya muke.

A hanyar dawowa na gaya wa ɗan ƙanwata abin da kakanninmu suke ciki a wannan shekarar. Lokacin da Jim yake kan teku zuwa Masar, sojojin rundunar Najeriya, Hausawa da yawa a cikinsu, suna Kamaru suna yaƙar Jamus a ƙarƙashin tutar Ingila ɗin nan dai. Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915, dutsen Mora kuwa sai Fabrairu 1916 aka sallama shi, daga baya aka kwashi wasunsu zuwa gabashin Afirka. A kudancin Gallipoli ma, a maƙabartar Faransawa, akwai sojojin Afirka ta Yamma kwance. Ya ce bai taɓa zuwa can ba. Na ce ya je kafin ya gama karatu, ya ɗauko mini hoton sunayen.

Dattijon ya ƙarasa mana labarin muna gangarowa Eceabat. Bayan mutuwar Jim da 'yan makonni wani babban hafsan Birtaniya, Kitchener, ya zo ya dubi tudun da idonsa, aka yanke shawarar a janye. A ƙarshen Nuwamba dusar ƙanƙara ta sauka, sanyi ya kashe wasu a cikin ramuka. Aka riƙa kwashe dakaru da daddare a ɓoye, har asubahin 20 ga Disamba 1915 na ƙarshensu ya bar gaɓar Anzac, mako takwas bayan an sa yaron a ruwa. Ko taku ɗaya na ƙasar ba su riƙe ba. Bataliya ta 21 aka mayar da ita Masar, daga can aka wuce da ita Faransa, inda ta faɗa yaƙin Pozières a 1916. Jirgin Glenart Castle ma bai ga ƙarshen yaƙin ba: a Fabrairu 1918 jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da shi kusa da gaɓar Ingila, da ma'aikatan jinya a cikinsa.